Lauyan naƙasassu: sana'a ce ko aikin lada?

Tun da sakamakon jarrabawar bak, ta kammala sakandare, ya fito ake wata gardama a gidanmu, har ta bi ni zuwa fadar da nake shan shayi bayan la'asar. Ɗiyar ƙanwata ce ta ce shari'a za ta karanta, kuma ba shari'ar filaye ko ta 'yan kasuwa take hange ba. So take ta zama lauyar naƙasassu, musamman yaran da ake maidowa gida daga ƙofar lakwal, wato makarantar boko. Tana da dalilinta: ƙanenta kurma ne, kuma a gabanta uwarsu ta yi ta zirga-zirga kafin a samu inda aka karɓe shi. Uwar ta ce wa zai biya ta, tunda wanda za ta kare ba shi da ko dala. A fada wani ya ce ai wannan sana'ar Amurkawa ce, a waya ya gani. Wani ya ce aikin ƙungiyoyin agaji ne, ba na mai baƙar riga ba. Wani dattijo kuma ya ce naƙasasshe tausayi yake buƙata, me ya haɗa shi da ƙara?

Ita kuwa tambaya ɗaya ta yi mini: "Kawu, wannan aikin akwai shi a ƙasar nan, ko mafarki nake?" Na ce ta ba ni 'yan kwanaki. Abin da na tattara ne na rubuta a nan, domin na san ba gidanmu kaɗai ake wannan gardama a Maraɗi ba.

Shi kansa aikin mene ne?

Abubuwa biyu ne ake haɗawa a baki ɗaya. Na farko shi ne haƙƙin naƙasassu gaba ɗaya: neman aiki, rabon gado, aure, shiga gine-ginen gwamnati, ba da shaida a gaban alƙali, jefa ƙuri'a. Na biyu reshe ne na farkon, wato dokar ilimi na musamman: haƙƙin yaro makaho, ko kurma, ko gurgu, ko mai jinkirin fahimta, ya shiga lakwal, kuma a koyar da shi ta hanyar da zai iya ɗauka. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ake yawan mantawa. Yaron da ba ya ji, aka zaunar da shi a bayan aji shekara uku yana kallon bakin mushe, wato malamin aji, an rubuta sunansa a rajista, amma ba a karantar da shi ba.

Wasu sun fi son a ce "masu buƙata ta musamman" maimakon "naƙasassu", kuma ina ganin girmamawar da ke cikin hakan. Amma ga mai aikin shari'a, abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne ma'anar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita ran 13 ga Disamba 2006, ba ta tsaya ga ciwon jiki kaɗai ba. Ta ce naƙasa tana fitowa ne idan tawayar da ke jikin mutum ta ci karo da shingen da jama'a suka gina. Gurgu mai keke yana iya yawonsa daga unguwar Zariya har unguwar Bagalam. Sai ya iso ofis mai matakala sannan ya tsaya. Ƙafarsa aikin likita ce. Matakalar kuwa, da wanda ya gina ta, da wanda ya ƙi gyara ta, su ne aikin lauya.

A nan ne maganar dattijon fada take buƙatar amsa. Ba wanda ya ce tausayi laifi ne. Ƙasar Hausa ta daɗe da tsara zaman naƙasassu: akwai sarkin makafi, da sarkin guragu, da sarkin kutare, suna sasanta mutanensu, suna kai kukansu fada. Amma wannan tsari a kan sadaka aka gina yawancinsa, ita kuwa sadaka mai bayarwa ne ke da iko da ita. Ran da ya ga dama ya ba, ran da bai ga dama ba babu mai tuhumarsa. Haƙƙi kuwa mai shi ke da ikon nemansa, ko an so ko ba a so ba. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya biya Suratu Abasa, wadda ta sauka saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi, ba neman sadaka ba. Daga baya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin masa riƙon Madina idan zai yi tafiya.

Me ya sa take ciyar da mutum a Amurka?

Wanda ya ce sana'ar Amurkawa ce yana da rabin gaskiya, kuma yana da kyau a san yadda aka yi ta zama sana'a a can. Ba da daɗewa ba, su ma korar yaran suke yi. A farkon shekarun 1970 iyaye suka kai ƙara kotu a jihar Fensilbaniya da birnin Washinton, alƙalai suka ce ba a hana yaro makarantar gwamnati don yana da naƙasa, kuma rashin kuɗi ba hujja ba ne. A 1975 majalisar ƙasar ta kafa doka, bayan ta tabbatar cewa yara naƙasassu fiye da miliyan 1 ba sa zuwa makaranta sam. A 1990 aka sake wa dokar suna zuwa IDEA, kuma yau tana rufe yara fiye da miliyan 7.

Abubuwa uku ne a cikin dokar suka haifi sana'ar. Ta ba kowane yaro haƙƙi nasa na kansa, tare da takardar shiri da ake rubutawa don shi kaɗai, iyaye da malamai su zauna su sa hannu. Ta buɗe hanyar ƙorafi: uban da bai gamsu ba yana iya neman a saurare shi gaban jami'in da ba ma'aikacin makarantar ba, daga nan ya wuce kotu. Sai na uku, wanda ya amsa tambayar ƙanwata kai tsaye: tun 1986, idan iyaye suka yi nasara, kotu tana iya tilasta wa hukumar makarantu ta biya kuɗin lauyansu. Da wannan ne talaka ya samu mai tsaya masa, lauya kuma ya samu abin kai wa gida.

Ba kullum ake cin nasara ba. A 1982, a shari'ar wata yarinya kurma, Amy Rowley, wadda iyayenta suka nemi a ba ta mai fassara da yaren hannu a aji, Kotun Ƙoli ta ce tunda tana wucewa aji zuwa aji, abin da ake ba ta ya wadatar. Lauyan da ya tsaya mata, Michael Chatoff, shi ma kurma ne, kuma shi ne kurma na farko da ya yi shari'a gaban wannan kotu. Sai a 2017, a shari'ar wani yaro da ake kira Endrew, kotun ta ce ɗan ci gaba kaɗan na fitar kunya bai isa ba, dole shirin ya dace da halin yaron. Shekara 35 ke nan tsakanin hukuncin biyu.

Dokokinmu ba su yi shiru ba

Kuskuren da na fi ji a gari shi ne cewa mu ba mu da doka a kan wannan. Muna da ita, har fiye da ɗaya. Tun ran 2 ga Maris 1993 aka kafa doka mai lamba 93-012 kan kare naƙasassu, aka yi mata gyara a 2010. Ita ce ta ce duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye, ta gwamnati ko mai zaman kanta, ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda malamai suka sani da LOSEN, ta amince da ilimi a matsayin haƙƙin kowane ɗan ƙasa, ta kuma sa ilimi na musamman cikin sassan tsarin. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ran 24 ga Yuni 2008, tana cikin ƙasashen da suka yi saurin yin haka. Sai doka mai lamba 2019-62 ta Disamban 2019, wadda ta shimfiɗa ginshiƙan shigar da naƙasassu cikin harkokin jama'a. Tsarin mulkin 2010 ma ya ambace su a sashe na 22 da na 26. An dakatar da shi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, amma sauran dokokin da yarjejeniyar ba su tafi tare da shi ba.

Mutanen da waɗannan dokoki suka shafa ba kaɗan ba ne. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijar suna da naƙasa, mutum fiye da 700,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta kashi 16 cikin 100 ga duniya baki ɗaya. Ni a ganina wannan tazara tana nuna waɗanda ba a fito da su ba ran da mai ƙidaya ya yi sallama: yaron da ke kwance a ƙuryar ɗaki, da wadda ake ce wa 'yar ruwa, da mai farfaɗiyar da ake ɓoyewa don kada 'yan uwanta su rasa mijin aure. Jihar Maraɗi a wancan ƙidayar tana da mutum kusan miliyan 3.4, don haka ko da ƙaramin lissafin aka bi, maganar dubban gidaje ake yi.

Maƙwabtanmu ma sun bi sahu. A Janairun 2019 Najeriya ta sa hannu kan dokar hana wariya ga naƙasassu, har da tara: naira miliyan 1 ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya. Duk mai zuwa Katsina ko Kano ya san tsakanin rubuta wannan da aiwatar da shi akwai tafiya, kamar dai a nan.

To me ke hana dokar isa ƙofar lakwal?

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya, domin a nan aikin yake. Abu na farko shi ne yadda ake korar. Babu diraktan da zai rubuta cewa ya ƙi karɓar yaro don makaho ne. Da baki ake yi, kuma da taushi: "Hajiya, ki yi haƙuri, ba mu da kayan irinsu, zai wahala ne kawai." Uwa ta yi godiya, ta goya ɗanta, ta koma gida. Ba takarda, ba shaida, ba kwanan wata. Shari'ar ƙara hukuma kuwa, a tsarin da muka gada daga Faransa, da takarda take farawa: a rubuta wa wanda ya yanke shawarar ko na sama da shi, a jira amsa, kuma akwai wa'adin da idan ya wuce ƙofa ta rufe. Saboda haka aikin farko na lauya a nan ba tsayawa gaban alƙali ba ne. Aikinsa ya maida "ki yi haƙuri" ta zama rubutu: wasiƙa kofi biyu, a buga hatimi a ɗaya a riƙe, a aika wata ga sufetan ilimi. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, domin wanda ya ƙi da baki ba ya son ƙi da alƙalami.

Na biyu shi ne takardar haihuwa. Yaro naƙasasshe shi ne na ƙarshe da ake tunawa a yi wa rajista, don an riga an yanke cewa ba inda za shi. Ba tare da ita ba jarrabawa tana gagara, neman taimakon hukuma yana gagara. Idan wa'adin rajista ya wuce, sai an je kotu an nemi hukuncin da zai maye gurbinta, da shaidu. Ƙaramin aiki ne a idon manyan lauyoyi, amma shi ne mabuɗin sauran.

Na uku nisa ne. Mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, fiye da kilomita 600 daga nan. Wanda ke Dakoro ko Mayayi ko Gidan Rumji, zuwa cikin garin Maraɗi ma kuɗi ne, balle ya ɗauko lauya daga Yamai, balle a ɗaukaka ƙara. Saboda wannan ƙarancin ne aka daɗe ana naɗa masu kare wanda ake tuhuma waɗanda ba lauyoyi ba. An kuma kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, da dokar 14 ga Disamba 2011, tana da ofisoshi a manyan kotuna. Dokar ta sa yara ƙanana, da naƙasassun da naƙasarsu ta hana su kare kansu, cikin waɗanda ake taimaka wa. Iyaye nawa ne a unguwanninmu suka taɓa jin sunanta?

Na huɗu harshe ne, kuma hawa biyu ne. Kotu da Faransanci take aiki, uwa da Hausa take magana, ɗanta kuma da hannu, wani lokaci ma da alamun gida da babu mai gane su sai 'yan ɗakinsu. A ɗauka yarinya kurma ce aka ci zarafinta. Ta san wanda ya yi, tana iya nuna shi. Idan babu mai fassara a jandarma ko a gaban alƙali, shaidarta ta mutu, mai laifin kuma ya san haka tun kafin ya aikata. Sashe na 13 na yarjejeniyar ya wajabta a daidaita hanyoyin shari'a don irin wannan. Lauyan da ya iya yaren hannu ya fi ƙarfin goma da ba su iya ba a wannan ɗakin.

Sai kunya, wadda ta fi duk sauran nauyi a Maraɗi. Mutum ba ya son a ce ya kai mushe ƙara, alhali gobe za su haɗu a masallaci ko a wurin suna. Lauya mai hankali ba zai raina wannan ba. Doka ta amince wa sarakunan gargajiya su yi sulhu, kuma kotunanmu suna aiki da al'ada a maganar aure da gado da gona, tare da masu ba alƙali shawara kan al'ada. Don haka rabin aikin a zauren mai unguwa ake yin sa, ko a taron kwamitin lakwal. Maganar gado ma haka take. Naƙasa ba ta cikin abubuwan da ke hana gado a fiƙihu, amma mun saba jin yaya yana cewa shi zai riƙe wa ƙanensa rabonsa tunda ba ya iya noma, daga riƙo sai mallaka. Alƙur'ani ya yi umarni a ciyar da wanda ba ya iya sarrafa dukiyarsa, a tufatar da shi daga cikinta, domin tasa ce. Lauyan da ya san wannan, ya kuma san dokar boko, yana shiga zaure da makami biyu.

Lakwal ta musamman ko lakwal ta kowa?

Ko tsakanin masu kare naƙasassu ba a daidaita a kan wannan ba. Ɓangare ɗaya yana bin abin da aka amince a taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, da sashe na 24 na yarjejeniyar 2006: yaro ya shiga lakwal ta unguwarsu tare da tsaransa, a gyara ajin ya dace da shi. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Makarantun musamman 'yan kaɗan ne, a birane suke: ta makafi ta Soli Abdourahamane a Yamai, na kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Yaron ƙauye a yankin Tasawa ba zai kai can ba. Idan ba a karɓe shi a lakwal ta garinsu ba, shi ke nan. Ƙungiyar Humanité & Inclusion, wadda aka fi sani da tsohon sunanta Handicap International, ta yi aiki a kan wannan hanya a jiharmu.

Ɗaya ɓangaren, musamman kurame da kansu, suna cewa yaron da ba ya ji yana buƙatar wurin da kowa ke magana da hannu, don ya samu harshe da abokai. A ajiye shi shi kaɗai cikin masu ji, kaɗaici ne aka sa wa suna haɗin kai. Na ga wannan a kan ɗan ƙanwata: ranar da ya fara zama cikin 'yan uwansa kurame ne ya fara ba da labari.

Malamai kuma suna da nasu kuka, kuma ba ƙarya suke ba. Mushe ɗaya, yara cike da aji, wani ajin ma na zana ne, littafi bai isa ba, ba a taɓa koya masa rubutun makafi ba. Ba za mu manta gobarar Nuwamban 2021 ba, wadda ta cinye azuzuwan zana a nan cikin gari ta kashe yara fiye da 20. Duk wanda ke maganar shigar da yaron da ba ya iya gudu, ko ba ya jin ihu, dole ya yi maganar irin ɗakin da za a sa shi. Ra'ayina shi ne lauya kada ya zama ɗan ɗarikar ɓangare ɗaya. Wanda yake karewa yaro ɗaya ne mai suna, kuma tambayarsa ita ce a ina wannan yaron zai koyi karatu.

"Gwamnati ba ta da kuɗi"

Wannan ita ce amsar da za ta fi ji a rayuwar aikinta, kuma doka ta raba ta gida biyu. Abin da ke cin kuɗi mai yawa, kamar gina makarantu da horar da dubban malamai, yarjejeniyar ta yarda a yi shi sannu a hankali gwargwadon ƙarfin ƙasa. Amma hana wariya ba ya jiran kasafin kuɗi. Har ma yarjejeniyar ta ce ƙin yin gyaran da bai fi ƙarfin mutum ba, shi kansa wariya ne. Maido da yaro mai raunin gani ko zabiya benci na gaba, sauya wa gurgu aji zuwa ɗakin da ba shi da matakala, ƙara wa makaho lokaci a jarrabawa, barin uwa ta shigo ta kai ɗanta bayan gida: wanne ne a ciki yake buƙatar jika ɗaya?

Ko a babban ɓangaren ma, rashin kuɗi ba kullum yake wanke hukuma ba. A Faransa, inda alƙalanmu ke yawan duba hukunce-hukunce, babbar kotun ƙarar hukuma ta yanke a Afrilun 2009 cewa idan yaro naƙasasshe ya zauna gida don babu gurbi, laifin gwamnati ne, kuma ba za ta fake da ƙarancin makarantu ba. Mu ma mun ga abin da shari'a ɗaya ke iya yi. Dokar haramta bauta tana nan tun 2003, amma sai da Hadijatou Mani, wadda aka riƙe a matsayin baiwa, ta kai ƙara, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yanke hukunci ran 27 ga Oktoba 2008 ta ce a biya ta sefa miliyan 10, sannan duniya ta san dokar tana da haƙora. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, don haka nauyin irin wannan shari'a ya ƙara komawa kan kotunan gida da lauyoyin gida.

Hanyar karatu, da maganar tuwo

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan ta fi karkata ga kimiyya da noma da aikin likita. Mai son shari'a yakan nufi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ko Jami'ar Djibo Hamani a Tawa. Bisa ƙa'idar da ƙasashen UEMOA, ƙungiyar masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, suka amince da ita a 2014, mai son zama lauya sai ya kai matakin masta a shari'a, ya ci jarrabawar shiga sana'ar da ake kira CAPA, sannan ya yi shekara 3 yana koyon aiki a ƙarƙashin wani lauya. Idan aka haɗa, maganar shekara 8 ake yi idan komai ya tafi daidai. Mai son zama alƙali kuma makarantar horar da ma'aikatan shari'a zai nema ta hanyar gasa, kuma alƙalin yara da ya fahimci naƙasa yana iya gyara rayuka da yawa da sa hannunsa.

Maganar uwarta kuwa gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Babu tsarin da ke sa lakwal ta biya lauyan iyaye kamar a Amurka, don haka wannan reshe shi kaɗai ba zai riƙe ofis a Maraɗi ba. Waɗanda za su daɗe a cikinsa haɗawa za su yi: shari'ar kasuwanci da ta filaye su biya haya, shari'ar naƙasassu ta samu ranakunta. Wasu za su yi aiki da ƙungiyoyi, kamar tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, ko ƙungiyar makafi, ko ta kurame. Wasu za su shiga ma'aikatar ilimi ko ta magajin gari su riƙa rubuta ƙa'idoji daga ciki. Akwai kuma masu wayar da kai kan shari'a a karkara, waɗanda ba su sa baƙar riga ba amma su ne ke fara ganin matsala. Lauya ɗaya da ke horar da irinsu 20 ya kai inda ƙafarsa ba za ta kai ba.

Abin da nake fata fiye da komai shi ne naƙasassun da kansu su shiga sana'ar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yetnebersh Nigussie ta ƙasar Habasha ta makance tana 'yar shekara 5, ta karanta shari'a a Adis Ababa, a 2017 aka ba ta lambar yabo ta Right Livelihood saboda wannan aiki. Yaron da aka maido daga ƙofar lakwal bana a Madarunfa yana iya zama irinta, idan aka bar shi ya shiga.

Da ta dawo jin amsa, na ce mata aikin akwai shi, masu yin sa ne ba su isa ba, kuma ba zai sa ta yi arziki da wuri ba. Na ce kafin ta tafi jami'a ta zauna da ƙanenta ta koyi yaren hannu sosai, ba alamun gida kaɗai ba, ta kuma nemi malamin da zai biya mata babin gado. Ta ce ta ji. Kwana biyu bayan haka wata maƙwabciyarsu, wadda aka ce wa ta yi haƙuri bara, ta shigo da ɗanta mai shekara 8 a goye. Yarinyar ta ɗauko takarda ta rubuta mata wasiƙar neman gurbi, kofi biyu, ta karanta mata da Hausa, ta ce: "Inna, ran da aka koma lakwal a watan Oktoba tare za mu je. Ki ba su ɗaya, ɗayar kuma kada ki fito sai an buga mata hatimi."